Ƙusar Hajiya Bilki

Ranar da Sama'ila ya fara ganin Sekinat bai shiga shagon da niyyar ganin kowa ba. A gajiye yake tilis, tun daga Gozaki yake kan babur, ga jar ƙasa ta bushe masa har gwiwar hannu. Shagon kayan gini ne na Alhaji Sikiru, Bayaraben nan da ya haura shekara talatin yana sayar da siminti a Funtuwa, har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗin ji. Alhajin ba ya nan, 'yarsa Sekinat ce zaune bayan teburi tana ɓarar gyaɗa.

Ya ce a ba shi farar ƙasa buhu biyu da ragar waya. Ta rubuta, ta ɗago tana jiran ya faɗi yawan simintin da yake so, don duk wanda ya shigo shagon da ƙasa a jiki can maganarsa take ƙarewa. Shi kuwa ya ciro kuɗi zai biya.

"Siminti fa, Malam?"

"Bangona ba ya cin siminti."

"To me yake ci?"

"Karan shinkafa."

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. Ya saba, Gozaki kaf ba wanda bai yi masa wannan dariyar ba, sai dai tata ba ta yi masa zafi ba. Ya ciro waya ya nuna mata hotuna. Ya ce wata gona ce kusa da Kafur ta kawo injin da ke matse karan shinkafa ya ɗaure shi dami-dami mai kusurwa huɗu saboda shanu. Shi kuma da ya ga damin sai ya ga bulo. Ya ɗaga harsashi da dutse har gwiwa, ya jera damman ɗaya kan ɗaya, ya tsire su da gora, ya rufa kwano, ya yaɓe waje da ƙasa. Ciki da falo da kicin, duk da hannunsa. Yaɓen cikin gidan ne ya rage, kuma shi ne ke nema ya ga bayansa.

Ta daɗe tana kallon hoton wata taga mai faɗin da mutum zai iya zama a kanta. Sannan ta ce ya rubuta lambarsa a bayan rasit, wai ko Baba zai so ya ji labari. Baba bai ji komai ba, amma da la'asar saƙo ya shigo wayar Sama'ila.

"Mai Kara, ka isa lafiya? Ka kula kada akuya ta cinye falon kafin ka dawo."

Ya karanta ya fi sau biyar kafin ya amsa.

"Na iso, 'Yar Siminti. Falo na nan, ta dai ɗanɗana kicin."

Haka abin ya fara. Daga nan sai ya zama kullum akwai abin da ya manta bai saya ba a Funtuwa, mutumin da a da sai ya yi wata bai leƙa titi ba.

Wanda bai taɓa yaɓen bangon kara ba ba zai gane irin wahalarsa ba. Sai ka dama ƙasa ta yi ruwa kamar kunu, ka cusa ta cikin karan da yatsu, ka jira ta bushe. Ka kwaɓa mai kauri da yashi da yankakken kara, ka taka da ƙafa, ka bar ta ta kwana uku, ka yaɓa, ka jira. Ta tsattsage, ka toshe, ka sake jira. Sannan shafen ƙarshe, sannan farar ƙasa. Sama'ila ba shi da mai taimako sai kakarsa Tsohuwa, ita ma taimakonta na baki ne. Takan zauna kan tabarma a bakin ƙofa ta ce nan bai miƙe ba, can ya yi ciki. Wata uku ya yi a haka. Tafin hannunsa ya faffashe, bayansa ya riƙe, ko a sallah sai ya dafa ƙasa yake miƙewa.

Abin da ke riƙe da shi zancen ranar Juma'a ne. Bayan la'asar yakan zauna kan benci a ƙofar gidansu Sekinat, yana ɓoye hannuwansa cikin aljihu. Wata rana ta ce ya fito da su. Ta duba, ta shiga gida ta dawo da man kaɗanya a gwangwani.

"Wai duk don me kake kashe kanka haka, Mai Kara?"

"Da farko don in nuna wa mutanen garinmu ne. Yanzu kuma don ki shiga da rana tsaka ki ji sanyi, ki ce ashe ba mahaukaci na aura ba."

"Wa ya ce maka zan aure ka?"

"Man kaɗanyar nan."

Ta rufe fuska da mayafi, amma ba ta musa ba.

Da manyansa suka je wurin Alhaji Sikiru, ya karɓe su da mutunci, ya ce ba shi da abin faɗi kan yaron ko danginsa. Gidan ne matsalarsa. Shekara talatin yana sayar wa mutane abin da za su gina gidan da zai ga jikokinsu, sai kuma a ji ya kai 'yarsa ɗakin abincin shanu? Ya yi maganar gobara, ya yi ta gara, ya yi ta damina. Sama'ila ya aika da amsar kowace, har da ɗan bidiyon da ya kunna wuta jikin yaɓaɓɓen bango bai kama ba. Alhaji ya kalla ya ce shi ba a waya yake zama ba.

Ga kuma Abdulwaheed, ɗan abokin Alhaji, mai shagon tayil, wanda ya gama gininsa tsaf har da rijiyar burtsatse. Ba shi da wani aibu, abin da ya fi ɓata wa Sama'ila rai ke nan. Ba ya takura, ba ya gori, yana dai zuwa gaisuwa duk sati da ledar lemo, yana jira.

A ƙarshe Alhaji ya yanke magana. Ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma kuma ba zai sa albarka a gidan da bai yarda da shi ba. Ɗakin amarya aikin mata ne, don haka mahaifiyarta Hajiya Titilayo za ta je ta gani. In ta ce ɗaki ne, a sa rana. In ta ce ba ɗaki ba ne, kowa ya kama gabansa. Sekinat kuwa ta gaya wa Sama'ila tun wuri cewa ba za ta shiga gidan kowa ba tare da albarkar ubanta ba, ko da gidan zinariya ne.

Sai ya ƙara wuta. Ya goge bangon da santsin dutse har ya yi sumul, ya shafa farar ƙasa hannu uku. Matan unguwa suka taru suka yi masa daɓe da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, ƙasan ɗakin ya yi ja yana ƙyalli. Ranar da ya gama ya tsaya tsakiyar falon ya duba, ko tsaga ɗaya babu. Ya aika mata:

"Sakinata, na gama. Bango kamar ƙwai. In Mama ta ga wannan ba ta ce komai ba, to ni ma na yarda da kaina."

Hajiya Titilayo ta zo ranar Asabar da hantsi, tare da aminiyarta Hajiya Bilki. Ita wannan Hajiya Bilki a unguwarsu ba a jeren amarya sai da ita, kuma ba ta fita unguwa sai da guduma da ƙusoshi a jaka, yadda wasu matan ke yawo da turare. Hajiya Titilayo kuwa, tun da ta zauna cikin Hausawa, ba al'adar da ta shige mata rai irin jere. Tun Sekinat na sakandare take tara mata kaya.

Suka shiga da sallama. Sanyin ɗakin ya tarbe su, har Hajiya Titilayo ta sassauta mayafi. Ta shafa bango, ta zauna kan tagar nan mai faɗi, ta ce ma sha Allah. Sama'ila na tsaye a bakin ƙofa, zuciyarsa ta fara sauka.

Hajiya Bilki ba ta shafa komai ba. Ta ja da baya ta ƙare wa bangon gabas kallo, ta ce nan agogo zai zauna, can madubi, kabad ɗin kwanuka kuma sama da tagar. Ta buɗe jaka ta ciro ƙusa 'yar inci huɗu, ta kafa, ta buga sau ɗaya. Ƙusar ta shige har kai ba gardama. Ta ɗan zaro ta, ta rataya jakarta don gwaji.

Jakar ta faɗo. Ƙusar ta biyo ta, da ɓallin yaɓe kamar faɗin faifai. A tsakiyar farin bangon nan karan shinkafa ya leƙo, rawaya, kamar jiya aka yanko shi.

Hajiya Bilki ta sunkuya ta ɗauki jakarta. Sannan Hajiya Titilayo ta miƙe ta gyara mayafinta. Ba faɗa ta yi ba, da faɗan ne ma da ya fi sauƙi.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Amma kayan da na tara wa 'yata shekara takwas, a ƙasa zan zube su? Labule ma a me za a rataya shi?"

Ya raka su mota, ya dawo ya zauna kan daɓen yana kallon ramin. Tsohuwa ta shigo da sandarta ta leƙa ramin, ta leƙa fuskarsa.

"Ka yi tunanin wuta, ka yi na gara, har na akuya ka yi," ta ce. "Na mace ne kawai ba ka yi ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi masa ciwo. Ya gina ɗaki irin na gwauro, wanda ƙusa ɗaya ta rataya riga ta ishe shi, ita ma a jikin ƙofa yake buga ta. Ya san maganin abin sarai. Tun kafin yaɓe ake fiƙe turaku a soka su cikin damman, a ɗaura katako a kansu, sannan a rufe da ƙasa, duk inda za a rataya wani abu ƙusa ta tarar da itace. Ya taɓa gani, ya tsallake, don a lokacin ba shi da abin ratayawa. Yanzu kuwa sai dai ya fasa aikin wata uku da hannunsa. Ga gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma, in damina ta sauka yaɓe ba zai bushe ba sai wata kakar.

Kwana biyu bai taɓa komai ba. A na uku ya ɗauki kurfi, ƙarfen haƙa, ya fara saran yaɓen. Kowane sara jinsa yake a ƙirjinsa.

Bai kira Sekinat ba. Kunya ce ta hana shi, da kuma wata irin gajiya da ta wuce ta jiki, wadda ko gaisuwa mutum ji yake ta yi masa nauyi. Ta aiko saƙo, ya ce a ransa zai amsa in ya sami abin faɗi. Kwana goma suka wuce a haka. A Funtuwa kuwa wani mutumin Gozaki ya je sayen kwanon rufi, ya ba da labari a shago cewa ai yaron nan mai gidan kara ya haƙura, ga shi can yana rushe abinsa. Sekinat ce ta rubuta masa rasit.

Saƙonta ya same shi yana fiƙe turke da azahar.

"Sama'ila, an ce kana rushe ɗakin. In ka haƙura da ni ne, ka faɗa mini da bakinka, kada in ji a bakin masu sayen kwano. Na gaji da kare ka a gida ni kaɗai. Na gaji da gaisuwar Abdulwaheed. Na gaji da duba waya. Ban ce ka gina mini bene ba, cewa na yi kada ka bar ni a tsaye."

Tun da suka haɗu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Ya ajiye adda ya kira ta. Tana ɗauka ya fara magana.

"Ba rushewa nake ba, Sakina. Ƙashi nake sa wa bangon."

Ya yi mata bayani, ya ba ta haƙuri, ya sake ba ta. Ta yi kuka kaɗan, ta yi masa faɗa da yawa, ya saurara don ya san ya ci a yi masa. Da ta huce ya gaya mata inda ya maƙale. Ba zai iya cika bango duka da katako ba, sai ya san tsawon kowane kaya da faɗinsa da inda zai zauna. Wannan kuwa sirrin uwar amarya ne, ko amaryar ba a so ta cika leƙe.

"Bar ni da su," ta ce. "Mai Kara kawai."

Washegari ta ɗauko tef ɗin awo daga shago, ta faki idon mahaifiyarta ta shige ɗakin ajiya. Tana durƙushe tana auna kabad sai ga Hajiya Titilayo a kanta. Ta tambaye ta abin da take yi. Sekinat ba ta iya ƙarya ba, ta faɗi komai, har da fasa bangon da ya yi.

Hajiya Titilayo ta dubi tef ɗin da ke hannun 'yarta. Ta tambaya ko da gaske duk farin nan da ta gani ya sassare shi saboda kwanukanta. Da aka ce mata e, sai ta karɓe tef ɗin, ta ce ba haka ake auna kabad ba. Ta yagi bayan kwali ta zana ɗakin da biro, ta kira Hajiya Bilki, suka yini suna gardama kan inda madubi ya dace. Tun da Hajiya Titilayo take kai 'ya'yan mutane ɗaki, ba angon da ya taɓa tambayarta ina take so a sa wani abu kafin a gama gini.

Sai dai daɗin tambayar ya yi mata yawa. Sau uku tana sake shawara. Sama'ila zai soka turaku ya ɗaura katako, sai saƙo ya shigo:

"Mai Kara, ka yi haƙuri. Mama ta ce madubi ya koma kusa da ƙofa. Kada ka zage ta a zuci, zan ji."

"Ni na isa? Ki ce mata ko a rufi take so zan sa. Amma don Allah wannan ya zama na ƙarshe, bayana ya ce in gaishe ki."

Ya zare ya mayar. Ya sake dama ƙasa, ya sake takawa, ya sake jiran bushewa yana duban sama. Yayyafin farko ya sauka ana saura shafe ɗaya, ya kwashe kwana huɗu yana buɗe tagogi da safe yana rufewa da yamma. A wannan karon Tsohuwa ta tashi daga tabarma. Tun yaɓen yana ɗanye ta bi duk inda aka binne katako ta zana ɗan ganye da yatsa, irin adon da suke yi wa ɗakuna a ƙuruciyarta, don mai buga ƙusa ta san inda za ta buga.

Ranar dawowa ba mata kaɗai suka zo ba. Alhaji Sikiru ya biyo su da kansa a motar shago. Ya zaga gidan ta waje, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya shiga ciki ya tsaya. Zafin rana ake na gaske, amma ya daina fifita da hularsa bai ma sani ba.

Hajiya Bilki ta ciro guduma. Ta kafa ƙusa a tsakiyar ganyen Tsohuwa ta buga. Wannan karon sai da ta buga sau shida, ƙarar itace na amsawa. Ta rataya jakarta, jaka ta zauna. Ta ja da ƙarfi, ba abin da ya motsa.

Alhaji ya ce shi jakar mata ba ta ishe shi shaida ba. Ya fita ya buɗe bayan mota, ya sa Sama'ila ya ɗauko buhun siminti guda da ya zo da shi. Aka ɗaura masa igiya, aka murɗa babbar ƙugiya a katakon da aka tanada don kabad, su biyu suka ɗaga buhun suka rataya. Sama'ila ya saki a hankali. Duk wahalar wata biyar, da Sekinat kanta, ga su nan suna lilo a jikin igiya.

Buhun ya yi lilo ya tsaya. Alhaji ya duba agogonsa, ya nemi wuri kan tagar ya zauna, ya ce a kawo masa ruwa. Sai da ya shanye, ya yi hira da Tsohuwa kan farashin masara, sannan ya tashi ya duba jikin ƙugiyar. Ko tsaga babu. Ya juyo ya kama hannun Sama'ila, ya juya tafin ya ga yadda ya faffashe.

"Har yanzu ban yarda da kara ba," ya ce. "Amma na yarda da hannun nan. Ka turo manyanka."

Iyakar simintin da ya taɓa shiga ɗakin ke nan, kuma a kafaɗar Sama'ila ya koma mota.

An ɗaura aure bayan sallah ƙarama, shuka ta fara kore. Hajiya Bilki ta yi jeren da har yau take ba da labarinsa, kowace ƙusa a kan ganyenta. Abdulwaheed ma ya zo ɗaurin aure, ya yi musu fatan alheri, don dama mutumin kirki ne.

Washegarin kai amarya da rana, bayan 'yan rakiya sun watse, Sekinat ta zaga ɗakin tana taɓa komai. A bangon gabas, ƙasa da agogo, ta tarar da ramin nan na ƙusar farko, kara na leƙowa. Shi kaɗai Sama'ila bai toshe ba, ya ce ƙasar da ya kwaɓa ce ta ƙare, ƙarfinsa ma ya ƙare, amma gobe zai rufe shi.

"Kada ka taɓa shi," ta ce. "Gilashi za ka sa masa. Duk ranar da muka yi faɗa ka yi mini shiru, nan zan kawo ka in nuna maka."

"In kuma ke ce da laifi fa, 'Yar Siminti?"

"Sai in zo in duba ni ma, in tuna abin da aka fasa saboda ni."

Ta ɗauko gwangwanin man kaɗanya daga kabad ɗin da ke rataye daram a bango, ta ce ya zauna. Ya zauna kan tagar ya miƙa mata hannuwa biyu. Kafin ta gama shafa na dama barci ya ɗauke shi a zaune, da rana tsaka, kansa jingine da bangon. Ba ta tashe shi ba.

Tsohuwa ta leƙo daga bakin ƙofa ta gan su. Ta ce a hankali Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya sa a tsufa tare a cikinsa. Sekinat ta amsa da amin, ta kama hannun hagun ta ci gaba da shafawa.